Daren da Kapembwa Ya Kawo da Rana Tsaka

Duk wanda ya zauna a unguwar Chawama ta birnin Lusaka, in bai san Kapembwa da ido ba, to ya san shi da murya, domin ba a taɓa buɗe zance a gabansa ya bar wani ya rufe ba. Ya ɗan taɓa zama a wata kwalejin horon malamai kafin su rabu, rabuwar da shi yake kira saɓanin ra'ayi, malamansa kuma suke kira faɗuwa jarrabawa. Daga can ya dawo da jakar hannu, da tabarau marar magani, da cikakken yaƙinin cewa ƙasar nan ba ta taɓa haifar mawaƙi kamarsa ba.

A layinsu akwai makarantar renon yara ta Banakulu Musonda, matar yayan mahaifinsa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. A cikin gidanta makarantar take. Falonta ne aji, ɗakunan kwananta suna daga baya. Da tsufa da hawan jini suka matsa mata, sai ta yi niyyar miƙa shugabancin ga wani. Kowa a layin ya san wadda ta cancanta, wato Mutinta, malamar da ta shekara da shekaru tana share majina, tana raba faɗa, tana koya wa 'ya'yan masu gadi da 'yan kasuwa baƙaƙe da ƙidaya. Sai dai Mutinta ba dangi ba ce, kuma ba namiji ba ce. Waɗannan laifuffuka nata su Bashi Kapembwa, mahaifin gwanin namu, ya yi ta zuwa yana tuna wa tsohuwar safe da yamma, yana zaune a kujerarta, da shayinta a hannunsa.

Da ta gaji sai ta ce, "To, na ji. Ya karɓi ajin. Ranar Juma'a, in na dawo daga asibiti awon jini, zan shiga in zauna. In na ga yaran sun ƙaru da wani abu, makullan nasa ne. In ban gani ba, kada wanda ya sake sha mini shayi a kan maganar nan."

Kapembwa ya gyara tabarau ya ce, "Mayo, uwata, Juma'a ma ta yi nisa. Ki sayi hankici, don za ki yi hawaye."

Washegari ya iso da taye a wuya. A bakin ƙofa Amake Dalitso, wato maman Dalitso, ɗaya daga cikin yaran ajin, take suyar vitumbuwa, irin fanken garin, a kasko. Ita 'yar Ngoni ce, shi ɗan Bemba, abokan wasa ke nan tun kakanni, don haka ba ta da dalilin tausaya masa.

Ta ce, "Ɗan masu cin biri, wa ya ɗaure ka a wuya haka?"

"Yau zan fara koya wa yara jin daɗin rubutacciyar waƙa, Amake Dalitso. Waƙar birni da dare. Ba fannin masu gasa ɓera ba ne, kada ki wahalar da kanki."

"Yaran da ake kwantarwa tun kaji ba su gama shiga akurki ba?"

"Shi ya sa suke buƙatata. A Turai ɗan shekara uku..."

"Ka je Turai?"

"Na karanta ta."

"To ka karanta hanyar bayan gida ma, don in Dalitso ya ɗaga yatsa, ba baiti yake nema ba."

Ya shiga aji, ya umarci Mutinta ta koma kusurwa ta zauna ta koyi aiki. Ta zauna, ta naɗe hannu. Ya hau kan benci don muryarsa ta cika ɗakin, ya dafa ƙirji, ya fara rera waƙar da ya tsara da kansa:

"Lusaka, amaryar dare mai sarƙar fitilu,
Benayenki na leƙen taurari ta taga,
Titunanki koguna ne na zinariya,
Ni kuwa Kapembwa na tsaya ina kallo."

Baitocin suna da yawa, kuma kowanne da sunansa yake ƙarewa. Da ya kai ƙarshe ya dubi yaran. Suka dube shi. Wata ta cire takalminta tana shinshinawa.

Ya ce, "To, 'yan ƙanana, wa zai faɗa mini abin da yake gani in dare ya yi?"

Wata yarinya mai suna Taonga ta ce, "Ba ma gani."

"Don me?"

"An ɗauke wuta."

"In an kawo fa?"

Yaran suka dubi juna. Babu wanda ya tuna.

Dalitso ya ce, "Akwai sauro."

"Ban da sauro. Ku tuna da dogayen benaye masu ƙyalli."

Wani ya ce, "Babana yana gadin bene. A waje yake kwana."

Taonga ta ce, "Mamana tana wanki a Kabulonga. Ta ce can wuta ba ta tafiya. Karensu ma yana da fitila a ɗakinsa."

Nan take ajin ya ɗauki zancen karen. Wane launi ne, yana cin nshima, wato tuwon masara, wa yake kashe masa fitilar in zai kwanta. Kapembwa ya buga benci, amma kare ya riga ya cinye darasin. Dalitso ya ɗaga yatsa. Kapembwa ya yi murna ya ce ya tashi ya faɗi ra'ayinsa a kan baiti na biyu. Kafin yaron ya gama miƙewa, ra'ayin nasa ya gangaro ta ƙafar wando.

Da wani ne, da ya ce laifin waƙar ne. Kapembwa kuwa nan da nan ya gano inda matsalar take: hasken rana. Ba yadda za a yi mutum ya ji daɗin waƙar dare alhali rana tana leƙo shi ta taga. Dole a kawo dare cikin aji.

Ya fara da hanya mai sauƙi. Ya ce su rufe ido su hango birnin a zuci. Ya manta, ko kuma bai taɓa tambaya ba, cewa a makarantar nan rufe ido ma'anarsa ɗaya ce. Bai kai rabin waƙar ba sai da aji ya ɗauki minshari, har waɗansu sun jawo tabarminsu.

Mutinta ta ce daga kusurwa, tana haɗawa da "Ba" ɗin da ake sa wa suna don girmamawa, "Ba Kapembwa, in tashe su ne, ko cikin darasin ne?"

"Nutsuwa ce. Ke ba za ki gane ba."

Rana ta gaba ya bi igiyoyin shanyar maƙwabta ya kwaso barguna ya rataya a tagogi, da niyyar neman izini daga baya. Duhun bai kai yadda yake so ba, amma ya isa ya sa ƙananan cikinsu kuka. Yana cikin baiti na uku sai wani hannu ya zuro ta taga ya fizge bargo ɗaya, rana ta faɗo masa a fuska. Bana Mwila ce, mai sharar asibiti, wadda ta kwana a tsaye ta dawo ta yi barci ta tarar da igiyarta fayau.

"Malam, ko ɓarawo? Faɗa mini wanda zan kira ka."

"Aron fasaha ne, Bana Mwila. Ina koya wa yara daren birni."

"Daren birni? Zo ka karɓi tsintsiyata yau, ka koye shi har asuba."

Kafin azahar matan layin sun zo ɗaya bayan ɗaya sun karɓe bargunansu, kowacce ta bar masa kalma guda ta tuni. Amake Dalitso ta yi ciniki sosai a ranar, don duk wadda ta fito sai ta tsaya a kasko ta ba da labari.

Juma'a ta matso, yaran ba su riƙe ko layi ɗaya ba. A nan ne Kapembwa ya tuna da babban tantin cocinsu, na tamfol mai kauri, wanda in aka lulluɓe gida da shi ko allurar haske ba ta ratsawa. Tantin abu ɗaya ake ba da shi dominsa, wato zaman makoki, kuma duk Chawama ta san wannan. Shi ma ya sani. Amma a ganinsa irin wannan tunani na mutanen da ba su yi karatu ba ne.

Ya sami Ba Sikazwe mai kula da kayan coci, ya sassauta taye, ya sunkuyar da kai.

Ba Sikazwe ya ce, "Tantin? Wane gida?"

"Gidan Banakulu Musonda. Gobe da safe."

"Gobe? Ashe jikin nata ya kai haka?"

"Ba Sikazwe, kada ka tambaye ni komai yanzu. Ba na iya magana."

Wannan shi ne karo na farko da aka ji Kapembwa ya ce ba ya iya magana, saboda haka Ba Sikazwe ya tabbata al'amarin babba ne. Ya ba da tantin, ya wuce gida ya gaya wa matarsa, ya ce kada ta gaya wa kowa tukuna.

Safiyar Juma'a tsohuwar ta shiga ƙaramar bas ta tafi asibiti. Amake Dalitso ta tafi kasuwa sayen buhun fulawa. Mutinta kuwa, don kada a raba yabo da ita, Kapembwa ya aike ta cikin gari neman takarda mai ƙyalli ta yin taurari, ya ce kada ta dawo sai ta sami mai ruwan azurfa. Da fili ya zama nasa, ya kira masu baro biyu suka fitar da kujerun falo da bencina tsakar gida, domin a sami wurin gina birni. Suka ja tantin suka rufe tagogi da rabin rufin, sauran ya zubo ya yi rumfa a gaban ƙofa. Ya dubi aikin ya ga saura abu guda: birni ba ya rasa hayaƙi. Ya sa aka jawo ƙaton gungume aka cinna masa wuta a bakin ƙofar gida.

Sannan ya kora yaran ciki, ya murza makulli.

A ciki kuwa, a gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya jera kwalaye ya huda musu tagogi, ya zagaye su da fitilun Kirsimeti da ya haɗa da batirin mota. Yaran suka ce "kai", suka miƙa hannu za su taɓa. Ya hana su, ya ce birni na kallo ne, ba na taɓawa ba. Suka zauna. Tamfol ya riƙe zafi, duhu ya yi duhu, muryar malam ta fara hawa da sauka. Ɗaya bayan ɗaya suka kishingiɗa. Shi ba ya ganin fuskokinsu, shirun kawai yake ji, kuma bai taɓa jin shiru mai girmama fasaha irin wannan ba.

A waje, matar Ba Sikazwe ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba sai mutum huɗu. Sauran ba su buƙaci a gaya musu ba. Tanti a gida, kujeru a waje, gungume yana ci a ƙofa: ko yaron goye ya san karatun wannan. Mata suka ɗaura zannuwa suka fito, tun daga kan kwana suke ɗora hannu a ka suna kuka. Maza suka zauna a kujerun falo suka sunkuyar da kai. Aka ga ƙofa a kulle aka ce dangi ne suke shawara, yara kuwa ai an sallame su. Matan coci suka shiga kicin ta baya suka ɗora tukunyar nshima.

Kapembwa yana tsakiyar kogunan zinariya sai ya ji shessheƙa daga bayan tamfol. Ya tsaya. Ya kasa kunne. Ba mutum ɗaya ba ne, taro ne. Ashe muryarsa ta ratsa bango ta taɓa zukatan unguwa. Matan da suka zage shi a kan barguna, ga su yau suna zubar da hawaye. Ya yafe musu a zuciyarsa, ya ƙara murya, ya sa mata rawa.

A waje Bana Mwila ta share ido ta ce, "Ku ji ɗan ƙanin mijinta yadda yake sambatu. Ashe yana ƙaunarta."

Wata ta ce, "Me yake cewa?"

"Wai ya tsaya yana kallo. A gabansa ta cika ke nan, bawan Allah."

Kuka ya ƙaru. Matan suka ɗauki waƙar coci. Kapembwa ya ji har amshi aka yi masa, sai ya koma baiti na farko.

Cikin wannan hali Banakulu Musonda ta sauko daga bas da ledar magani a hannu. Likita ya ce jininta ya sauka, ta guji tashin hankali. Ta shawo kwana ta ga tanti a kan gidanta. Ta ce a ranta ɗaya daga cikin yaran ne ya rasu. Ta ja zani ta rufe kai da fuska, ta shiga da kuka, ta zube a cikin mata, ta kama hannun ta kusa da ita.

"Wane ne? Ku faɗa mini wane ne."

Matar, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Mai gidan ce. Banakulu Musonda. Mace mai kirki, in ka cire faɗa da rowar sukari."

Tsohuwar ta yaye zanin.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Waƙa ta tsinke a tsakiya. Masu ƙarfin ƙafa suka kai bakin titi, Ba Sikazwe ya tsallake gungumen da ko a ƙuruciyarsa ba zai gwada ba. Waɗanda suka rage suka manne da katanga. Tsakar gida ta buɗe, kuma ta cikin wannan buɗaɗɗen fili ne baro ya fito daga lungun baya, ɗauke da firjin tsohuwar an ɗaure shi da igiya. Bashi Kapembwa ne yake turawa, yana gumi. A bayansa ƙanwarsa ce da keken ɗinki a ka, da takalman cocin marigayiyar a ƙafa.

Baro ya tsaya. Suka dubi juna.

Tsohuwar ta ce wa ƙanin mijin nata, "Mulamu, ina za ka da firjina?"

Ya ce, "Ajiye miki zan yi. Kin san taro, akwai ɓarayi."

"Na gani."

"An ce kin... wato labari ya zo cewa..."

"Ka shiga ka ga gawar?"

"Ban so in tayar da hankalina ba."

"Ke kuma takalman, sun yi miki?"

Ƙanwar ta ce a hankali, "Sun ɗan matse."

A ciki, Kapembwa ya ji shiru ya sauka a kan taron gaba ɗaya. Ya san irin wannan shiru, shi ne wanda yake zuwa kafin tafi. Ya gyara taye, ya murza makulli, ya fito cikin rana yana ƙifta ido, ya buɗe hannuwa ya rusuna.

"Na gode, jama'ar Chawama. Ban yi zaton za ku fahimta da wuri haka ba."

Babu wanda ya tafa. Da idonsa ya saba da haske, ya ga tukunya a wuta, ya ga matan da suka yi jajir da kuka, ya ga ubansa riƙe da baro, ya ga tsohuwar a tsaye da ledar magani.

Daidai nan Mutinta ta shigo da takardar azurfa a hannu. Ba ta tambayi wanda ya mutu ba. Ta ce, "Ina yaran?" Ta ture Kapembwa ta shiga, ta fito da biyu a kafaɗa sun jiƙe sharkaf da gumi, ta ce wa mazan da ke tsaye su yaye tamfol ɗin nan yanzu, ta ce wa matan su kawo ruwa. Aka yi ta fito da su suna miƙa suna hamma. Iyayen da ke cikin masu makoki suka ga 'ya'yansu, kukan da ya tsaya ya koma zagi.

Kapembwa ya matso kusa da tsohuwar ya rage murya. "Mayo, ba ki shiga kin zauna ba tukuna. Alkawarin shi ne ki ji darasin."

"Na ji shi daga nan. An ce kukan mutuwata kake yi, kuma an yaba."

Ta kwance makullan daga bakin zaninta. Bashi Kapembwa ya buɗe baki zai yi maganar dangi, ta dubi firjin, ya rufe. Ta miƙa wa Mutinta makullan a gaban kowa. Mutinta ta karɓa da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da Dalitso.

Sannan tsohuwar ta zauna a kujerarta a tsakar gida ta ce, "Tunda garina aka tuƙa, a zuba. Ni za a fara ba, in ji yadda za ku ciyar da mutane in ranar ta zo da gaske."

Ana cikin rabon nshima Amake Dalitso ta iso da buhun fulawa a ka. Tun a kasuwa labari ya same ta, ta taho da shirin aikin da al'ada ta ɗora wa abokan wasa a gidan makoki, wato su baɗe masu rashi da gari har sai sun yi fari. Ta ga marigayiyar tana cin abinci. Aka ba ta labari a taƙaice. Ta sauke buhun ta kwance bakinsa.

Kapembwa ya ja da baya. "Amake Dalitso, ai kin ji, ba wanda ya rasu."

"Ni dai na ga masu rashi. Tsaya, ɗan masu cin biri, kada ka sa in yi asarar gari."

Ta baɗe shi tun daga tabarau har takalmi, ta juya ta yi wa uban, ta ƙarasa da mai keken ɗinki. Yaran, waɗanda barci ya sake su, suka kewaye su suna tsalle. Wannan ne karo na farko da suka ji daɗin wani abu da ya shafi malaminsu.

A haka, fari fat, uba da ɗa suka kama firjin za su mayar da shi inda yake, unguwa guda tana cin abinci tana kallonsu. A bakin ƙofa Kapembwa ya tsaya, ya ɗago kai ta saman firjin, gari yana zuba daga girarsa.

"Ku dai faɗi gaskiya. A duk ƙasar nan, wane mawaƙi ne ya taɓa sa unguwa guda kuka da rana tsaka?"

Banakulu Musonda ta gutsuri nshima ta dangwala a miya.

"Ɗaga ta ɓangarenka," in ji ta. "Kana goge mini fentin ƙofa."